Dutse na Huɗu

Ruwan fadama ya kai wa Dona Zulmira ƙugu, amma ta ƙi yarda a ɗauke ta. Tana gaba da sandarta tana tsokanar laka, mu goma sha ɗaya muna biye kamar agwagi, safiyon gwamnati mai awon ƙasa a tsakiya ya ɗora jakar na'urarsa a ka, yana kashe sauro da ɗaya hannun. Shekararta saba'in da tara, kunnenta na hagu a mace, kuma duk ƙauyenmu na Bacuri Velho ita kaɗai ta rage da ta san inda dutse na huɗu yake.

Takardar da aka bar wa kakanninmu ranar da aka sauke musu bauta cewa ta yi ƙasarmu tana tsakanin duwatsu huɗu. Seu Belarmino, mai ɓauna dubu, ya ce shi ma yana da tasa takardar, kuma kowace shekara wayarsa mai ƙaya sai ta ƙara matsowa. Da aka gaji da shari'a, alƙali ya ce a nuna wa safiyo duwatsun nan huɗu cif, in ba haka ba gida arba'in da uku su kwashe komatsansu. Uku mun tono su a kwana biyu ba tare da mun dame ta ba. Na huɗun ne ya gagara, ga safiyo zai koma birni washegari.

A wurinmu in za a nuna dutsen iyaka, akan tsayar da ƙaramin cikin dangi a gabansa, a sheƙa masa mari mai kyau don kada ya manta wurin har ya mutu. Zulmira tana da shekara bakwai kakanta ya yi mata nata. Hannun mai fasa kwakwar babasu ne, tun ranar kunnen bai sake jin ko tsawa ba.

"Tia, ki dai tuna da kyau," in ji Josivaldo yana ɗaga murya ta ɓangaren kunnenta mai ji. "Kada ki kai mu gidan kada."

Josivaldo ɗan ƙanwarta ne, shi ya sa yake kiranta Tia, wato inna, ita ta raine shi tun uwarsa ta mutu ta bar shi yana rarrafe. Yanzu shi ne shugaban ƙungiyar ƙauye, kuma ko cikin taɓo za a shiga sai ya soke biro a aljihun gaba.

"Kai da ko hanyar masai ni na koya maka," ta ce ba tare da ta waiwaya ba. "Rufe min baki, Valdo, ka ɗaga ƙafa."

Muka kwashe da dariya, har da safiyo, Dotor Rômulo, wanda tun safe yake ɓata rai saboda matsattsaku biyu da suka kama shi a ƙwauri.

Da muka fita daga ruwa muka shiga kurmin babasu, adda tana gaba tana buɗe hanya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya tsohuwar ta tsaya a gindin wata katuwar bishiya, ta nuna da sanda. Aka sassare ciyayi, sai ga shi: dogon dutse baƙi, ya kai gwiwar mutum, da gicciye a sassaƙe a fuskarsa. Cícera matar mai kwalekwale ta zube ta sumbace shi tana kuka. Valdo ya ɗaga tsohuwar sama cak yana juyi da ita, tana dukansa da sanda tana cewa ya sauke ta, ɗan banza.

"To, a haƙa," in ji Dotor Rômulo.

Na ga fuskar tsohuwar a lokacin, ni kaɗai ina jin na gani, don ni ke riƙe da shebur.

"Haƙa me kuma, Dotor? Ga dutse, ga gicciye."

"Shaidu, Dona. Dutse ko jaki zai iya jan shi ya kai wani wuri. Abin da ke ƙarƙashi shi zan rubuta."

Ba ta nan lokacin da aka tono ukun farko, shi ya sa. Ta ɗauka ɗan birni mai takalmin roba bai san cewa mutanen zamanin da, in za su kafa dutsen iyaka sai sun zuba gawayi da tsingaron tukunya a ramin, sun yi rantsuwa a kai, sannan su ɗora dutse ba. Gawayi ba ya ruɓa. A ƙarƙashin ukun nan duk mun same shi, baƙi ƙirin kamar jiya aka zuba.

Muka ture dutsen mu huɗu, na haƙa. Kamu ɗaya, kamu biyu, har rami ya kai mini cinya. Jar ƙasa tsantsa, ko ɗigon baƙi babu. Gumi yana zuba mini a ido ina ci gaba, don ba na son in zama wanda zai ɗago ya faɗa.

Dotor Rômulo ya rufe littafinsa. "An matsar da wannan. Ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. Zuwa ƙarfe huɗu in ba ku nuna mini ramin asali ba, abin da zan rubuta shi ne dutse uku."

"Aikin Belarmino ne!" in ji wani daga baya. Aka hau zagin Belarmino da uwarsa da ɓaunarsa. Valdo bai yi zagi ba. Tsohuwar yake kallo, ita kuma tana kallon ramin.

"Tia."

Ta juya masa mataccen kunnen. Ya zagaya ta ɗaya gefen.

"Tia, saiwar bishiyar nan ta girmi dutsen a wurin. Wa ya kawo shi?"

Ta daɗe tana murza bakin sandarta. Da ta buɗe baki muryar ba ta yi rawa ba, wannan kam na shaide ta. Ta ce shekarar da ta auri Anastácio ruwa ya cinye ko'ina, tudu ɗaya ne ya rage a bushe, can suka kafa gida. Sai daga baya ta lura tudun ya ɗan fita daga iyaka. Ba mai ƙasar a lokacin sai biri da kada. Suka aro bijimi, suka ja dutsen taki ɗari uku don layi ya rufa da su.

"Shaidun fa?" Dotor ya tambaya, kamar mai tambayar farashin kifi.

"Anastácio ya ce dutse dutse ne, amma shaidu matattu ne suka yi rantsuwa a kansu. Wanda ya taɓa, hannunsa zai shanye. Muka bar su inda suke."

Ka ji fa. Sun iya satar dutsen da ya fi mutum nauyi da rana tsaka, amma gawayi cikin tafi biyu ya fi ƙarfinsu. Da ni ne ma haka zan yi, kuma duk wanda ke tsaye a wurin haka zai yi.

Ba wanda ya buƙaci na'ura ya gane lissafin. In aka mayar da dutsen taki ɗari uku, layin zai bi ta ƙasan tudunta. Gidan, da bishiyar mangwaro, da kabarin Anastácio, da na 'yarsu ɗaya tilo da zazzaɓi ya ɗauke, duk za su faɗa hannun Belarmino.

"Na manta wurin," in ji tsohuwar.

Cícera, wadda leɓenta bai gama bushewa daga sumbatar dutse ba, ta yi tsalle ta dire. "Kin manta? Mayya! Shekara hamsin kina zaune a kan sata kina yi mana wa'azi a coci! 'Ya'yana shida su kwana a titi saboda ƙasusuwan mijinki?"

Sauran suka ɗauka. Mutanen da tsohuwar ta karɓi haihuwarsu da hannunta, har da ni, ba wanda ya ce a yi mata a hankali. Ni ban zage ta ba, amma ban ajiye shebur ɗin ba.

Valdo ya durƙusa a gabanta, ya kama wuyan hannunta. Daga nesa sai ka ce lallashi ne. Ni da ke kusa na ga yatsunsa sun nutse a fatar.

"Ba a mantawa, Tia. Ke kika gaya mini. Don haka aka kashe miki kunne." Ya sassauta murya. "Gida arba'in da biyu, da gida ɗaya. Kuma ke kwana nawa ya rage miki? In kika ƙi, wallahi ranar da kika mutu ba mai ɗaukarki, ungulu za su yi miki jana'iza. Ni zan hana."

Ta dube shi daga biro har takalmi. "Sake ni. Ka san ba na tafiya a riƙe."

Ba ta yi ko kuskuren taki ɗaya ba. Ta ratsa kurmi, ta sake faɗawa ruwa har ƙirji, ta fito a wani ɗan tsibiri da bai fi tabarma uku ba, ta soka sandarta a ƙasa ta bar ta tsaye. Shebur na biyar ya fito baƙi. Ga gawayi, ga tsingaro jajaye guda uku. Dotor Rômulo ya ɗauki hoto, ya danna na'urarsa, ya yi murmushinsa na farko a ranar.

"Madalla, Dona. Da kowane ƙauye yana da irinki, da aikina ya yi sauƙi."

Muka ɗauro dutsen a jikin gungume muka dawo da shi, muka kafa. Ana cikin taka ƙasa wani ya ce ai saura mari, wa za a mara don ya tuna? Valdo ya share gumi ya yi dariya.

"A bar shi. Yanzu yana cikin na'ura."

A hanyar komawa Dotor yana tafe yana kafa turaku masu jan fenti. Na ƙarshen ya faɗo daidai bakin hanyar da ke hawa tudunta, taki goma daga inda take shanya garin rogo. Kafin mu iso har labari ya riga mu, don wakilin Belarmino yana zaune a gindin mangwaron ya jingina babur ɗinsa da gicciyen kabarin Anastácio, yana shan mangwaro. Ya cire hula da ladabi.

"Maigida ya ce ba gaggawa, Dona. Mako guda ya ba ki ki tashi."

Ta juya ta dube mu. Gida arba'in da biyu, kowanne da inda za a ɗaura mata ragar kwanciya guda. Cícera ta tuna ta bar wake a wuta. Ni na sunkuya ina kankare laka daga shebur. Valdo ya dafa kafaɗarta ya ce za a tattauna batunta a taron ƙungiya, kuma ya riga ya yi tunani, ɗakin taron da za a gina sunanta za a sa masa.

Tun rana ba ta faɗi ba aka fara gasa ganguna a bakin wuta a dandali don fatarsu ta ɗame, za a yi biki. Na hau tudun in mayar mata da sandarta da ta bari a tsibiri, don abin da na iya ke nan. Ƙofa a buɗe take. Tana cikin raga da jiƙaƙƙun kayanta, laka ta bushe mata har gwiwa. Na kira ta sau biyu, daidai lokacin da gangar farko ta tashi daga ƙasa, mata suka ɗauki guɗa.

Ta kwanta a kan kunnenta mai ji, ta bar wanda kakanta ya kashe a sama.