Addu'ar da Falalu Ya Je Nema a Rogo

Da Saudatu ta fita daga takabar mijinta Lado, dattawan Kafin Dafga suka fara zancen wanda zai riƙe marayu da gonar gyaɗa. Duk suka ce ai Falalu ne, wan marigayi, ya kamata ya aure ta. Falalu mutum ne mai son zaman shiru, Saudatu kuwa in ta fara magana sai tuwo ya huce. Amma ya ce hakkin ɗan'uwa ne, ya amsa. Ita ma da aka tambaye ta, sai ta tuna wani tsohon fim ɗin Indiya da ta sha kuka a kansa, na matar da miji ya mutu ta haƙura da komai saboda 'ya'yanta. Ta sunkuyar da kai ta ce to.

Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Ran kasuwar Karaye ta ce za ta sayo manja, ta zarce Rogo Sabon Gari gidan Malam Badaruddeen neman addu'a. Aka ce yana da baƙo a zaure, ta shiga wajen matarsa ta zauna.

Malam kurma-kurma ne, duk abin da aka raɗa masa sai ya maimaita da ƙarfi.

"Wato so kake Allah ya sa Saudatu ta ce ba ta son ka?"

"A hankali, Malam," in ji wata murya da ta sani sarai.

"Surutu gare ta, ka ce?"

Saudatu ta gyara mayafi ta leƙa zauren. Falalu ya gan ta, hularsa ta kusa faɗuwa.

"Yaya, ina wuni?" ta ce, ta durƙusa. "Ni ma abin da ya kawo ni ke nan. Amma zancen surutu, za mu yi shi a hanya."

Malam ya dube su ya ce tunda buƙatar ɗaya ce, a shafa fatiha ɗaya ta wadatar.

A mota suka shirya: Falalu zai riƙa nome gonar, yara su riƙa kai masa tuwon dare, aure kuwa a bar shi. Dattawa suka yi ta gunaguni har kaka, da suka ga buhunan gyaɗa a tsakar gida suka koma zancen tsadar taki.