Ƙwaryar Safiyatu

Ranar Laraba Malam Rabe ya tona asirin ɗansa da bakinsa, a gaban mutum tara da waya guda.

Tsohon malamin tarihi ne a Gumel. Tun da matarsa Safiyatu ta rasu, abin da ya rage masa littattafai ne da ɗacin baki. Duk zanen barkwancin siyasa da ya gagari 'yan majalisar ƙofar gidansa, shi ake miƙa wa.

"Malam, fassara mana wannan," in ji maƙwabcinsa Jonathan, ma'aikacin ƙaramar hukuma. "Ko'ina shi ake turawa, kuma ba sunan mai zanen."

Babbar mota ce ba tayoyi. Direba ya sha babbar riga yana gyaran hula a madubi, talakawa a baya suna turi.

"Motar nan ƙasarku ce," in ji Malam. "An sayar da tayoyin an sayi madubi. Direban kuwa, wanda bai gane hularsa ba bai je kasuwa bana ba."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Malam ya gani, sai ma ya ƙara gyara murya. Ya daɗe bai sami aji ba.

Can ya buɗa zanen da yatsa biyu. A gefen hanya ga wata mace riƙe da ƙwarya, ko ƙwayar gero babu ciki. Ƙwaryar ta tsage daga baki, an yi mata ɗinki uku, na tsakiya a karkace. Shi ya yi ɗinkin nan da hannunsa, aka shekara ana yi masa tsiya a kai.

"Ƙwaryar Safiyatu ce!"

Dariya ta ɗauke. Kowa ya san ɗa ɗaya ta bari, Usaid, mai zane a jikin manyan motoci a Maigatari, wanda Malam ke cewa ya tura shi neman ilimi ya dawo da gwangwanin fenti.

"Kai, goge!" in ji Jonathan. An riga an tura.

Kafin la'asar muryar Malam ta kai Gagarawa da Sule Tankarkar. Ya kira Usaid sau bakwai, waya a kashe. Ya ɗauko littafi, ya kasa wuce layin farko.

Washegari da hantsi wasu mutum biyu suka yi sallama, baƙar motarsu ba lamba.

"Baba, me zanen nan yake nufi?"

"Mota ce ta lalace."

"Jiya ka fi haka ilimi. Ina yaron?"

"Ɗan yau ai ba ya sallamar ubansa."

Suna juya baya ya hau babur sai Maigatari. Alhamis ce, kasuwa ta cika, ya kutsa tsakanin shanu da buhuna, yana kau da kai duk sanda ya hango baƙar mota. Rumfar Usaid a buɗe, fenti bai gama bushewa a burushi ba.

Wani direba ya matso, ya rage murya. "Tun da asuba ya haye Nijar. Ya ce a gaya maka ka yi haƙuri, ya san ba ka son zane."

Malam Rabe ya tsaya yana duban hanyar Damagaram. Shekara ashirin yana gyara wa yaron nan kuskure. Abin da ya zo da shi a baki bai fi numfashi ɗaya ba: "Usaid, ai ka zana mahaifiyarka daidai."