Layin da Doguwa Ta Bari a Bakin Ƙofa

Auta na ɗaure ɗan sukurun da ya kwance a tabarau ɗin wani dattijo sai ƙofar shagon ta buɗe, turare ya riga mai shi shigowa. Ba ta ɗaga kai ba, amma ta san ko wace ce.

"Baba, gwada mu gani."

Dattijon ya maƙala, ya ƙura mata ido. "Yauwa 'yata. Ashe duk zuwan da nake yi ban taɓa ganin fuskarki da kyau ba. Allah Ya yi albarka."

Yana fita Doguwa ta matso, waya a sama, tana murmushin da take yi wa mabiyanta. "Jama'ata, ga ni a wajen ƙawata ta amana, sarauniyar tabarau..."

Auta ta rufe fuska da ƙyallen goge gilashi. "Kashe abin nan ko in ƙwace."

"Ke dai baƙauyiya ce har gobe." Doguwa ta yi dariya ta kashe. Suka rungume juna ta saman kanta, rungumar mutanen da suka daɗe ba su haɗu ba kuma kowa ya san laifin wane ne.

Tun suna makaranta suka buɗe shafinsu a intanet, su uku: Auta, Doguwa, da wani abokinsu da suke kira Lauya tun kafin ya zama lauyan. Suka sa wa shafin suna Baranda. Ba labarin duniya suke rubutawa ba, nasu ne kawai: motar da ta mutu da su a tsakiyar gada, takalmin da ya tsinke ranar neman aiki, ruwan sama a kan kwanon ɗaki. Doka ɗaya ce. Ana rubutu bi da bi, kuma dole ka fara naka da layin ƙarshe na wanda ya gabace ka. Doguwa ta bar wa Auta, Auta ta bar wa Lauya, Lauya ya mayar wa Doguwa. Auta takan kwana biyu tana zaɓar layin da za ta bar wa Lauya, kamar mai zaɓar tsarabar da ba ta so a gane ta wahala a kanta. Shi kuwa yakan ɗauka ya gina abin da zai sa ta karanta a tsaye.

Sannu a hankali zagayen ya yi nauyi. Kotu ta cinye Lauya. Doguwa ta gano bidiyo, bidiyo ya gano ta. Layi na ƙarshe da Lauya ya bari yana nan tun kafin damina, yana jiran Doguwa, ita kuma Auta tana jiran Doguwa. Ba ta taɓa tsallake layi ba. Abubuwa suka yi ta taruwa a ƙirjinta. Akwai matar da ta sa tabarau karon farko a rayuwarta, ta leƙa waje, ta ce ashe ganyen bishiya ɗai-ɗai yake, ta fashe da kuka. Wa Auta za ta gaya wa wannan?

"Ba ni wanda ba na magani ba," in ji Doguwa, tana duba jerin firam ɗin tabarau a bango. "Mai faɗi. Irin wanda ke sa mutum ya yi kamar ya karanta littattafai."

"Ai kin karanta. Ni ce shaida, nawa ma ba ki dawo da su ba."

Doguwa ta ɗauki wani baƙi mai kauri ta sa. Ya sauko mata har tsakiyar hanci. Ta juya hagu, ta juya dama a gaban madubi, sannan ta yi magana ba tare da ta kalli Auta ba.

"Zan rufe Baranda."

Auta ta ajiye ƙyallen. "Ban ji ba."

"Kin ji. Wani kamfanin kayan kwalliya zai ɗauke ni in zama fuskarsu. Suna bincika mutum, Auta, har abin da ya manta. Suna taɓa sunana sai ga ni ina kuka a bayan mota saboda wani sakarai ya bar ni. Ga ni ina labarin ƙurajen fuskata. Ga ni a asibiti ina wanke wa Babana baki." Ta tura tabarau ɗin sama da yatsa. "Wannan yarinyar ba ni ba ce."

"Ita na sani ai."

"Kada ki fara."

"To goge naki ki bar mana namu."

"Kina tsammani ban gwada ba?" Doguwa ta cire tabarau ɗin ta juyo. "Na ɓoye nawa duka, na buɗe naki. Me zan gani a sama? 'Na tsaya a tasha ina jiran wanda na san ba zai zo ba.' Layina ne, da sunana a gefe. Kowane rubutunki da bakina ya fara. Wannan dokar banzar da muka ƙirƙiro ta ɗinke mu kamar bargo, ba a zare ɗaya a bar saura. Da adireshina aka buɗe shafin, makullin yana hannuna. Kafin ƙarshen mako zan rufe. Na zo ne in faɗa miki da bakina, don kada ki ce na yi miki ta bayan fage."

"Kin kyauta. Lauya fa?"

"Kira shi ki ji."

Auta ta kira, ta sa a sifika. Hayaniyar harabar kotu ce a bayansa, takalma da muryoyi.

"Autar mata! Lafiya da rana tsaka?"

"Doguwa za ta rufe Baranda."

"Kai, yana nan ashe?" Ya yi dariya, dariyar nan tasa da ba ta canza ba. "Allah sarki ƙuruciya. Ku dai kwafe mini hotunan kafin nan. Auta, ana kiran shari'ata, zan neme ki."

Layin ya yanke. Auta ta tsaya tana kallon wayar. Duk layukan nan da ta yi ta sassaƙawa dominsa, ashe ƙuruciya sunansu.

Doguwa ta sassauta murya. "Ki zo in koya miki bidiyo. Wallahi kina da baki. Labarin dattijon nan na ɗazu kaɗai, da kin ɗauka, da yanzu ya zaga gari."

"Ya zo gyaran tabarau ne, bai zo zaga gari ba."

"To sai ki yi ta zama."

"Layi ɗaya, Doguwa. Rubuta mini layi ɗaya ki bar mini, in yi zagayena. In ya so ki rufe."

Likitan ido ya leƙo daga ɗakin gwaji. "Auta, lafiya? Har ciki ana jin ku."

"Lafiya lau, Likita. 'Yar'uwata ce take ciniki."

Doguwa ta biya, ta jefa kwalin a jaka, ta mayar da tabarau ɗin fuskarta. A bakin ƙofa ta tsaya, hannunta a kan mariƙi, ta ce da gajiya, ba da faɗa ba:

"Babu mai karantawa, Auta."

Ƙofar ta rufe kanta a hankali.

Auta ta goge madubin da ba shi da datti. Ta jera firam ɗin da aka taɓa. Wata mata ta zo karɓar na mijinta, ta ba ta, ta yi mata murmushi har ƙofa. Hawaye ya zo ta haɗiye shi, ya sake zuwa ta sake haɗiyewa, sai ya koma wani abu mai zafi a ƙasan ƙirji. Dokar ta ce layin ƙarshe na wanda ya gabace ka. Ba ta taɓa cewa sai a rubuce ba.

Ta ja kujera gaban kwamfutar shago, ta ture shafin odar gilasai gefe, ta shiga Baranda. Yana nan yadda suka bar shi, da koren bangon da suka yi gardama a kansa. Ta rubuta a sama: "Babu mai karantawa, Auta." Ta sa sunan Doguwa a gefe, kamar yadda aka saba.

Daga nan yatsunta suka ƙi tsayawa. Ta rubuta matar da ta ga ganye. Ta rubuta dattijon da ya daɗe yana gaishe da fuskar da bai gani ba. Ta rubuta cewa ba don taro take rubutu ba, don kada ranakunta su wuce kamar motocin da take gani ta gilashin shago ne, kowace da mutane a ciki, babu wadda ta san inda ta nufa. Ta rubuta wata doguwar yarinya da ta taɓa wanke wa mahaifinta baki a gadon asibiti, ta fito ta zauna a matakala ta rubuta shafi mafi kyau da aka taɓa sawa a Baranda, wadda yau ta sayi tabarau da ya yi mata girma don mutane su ɗauka ta karanta littattafai.

Da ta zo layin ƙarshe sai ta lura ba ta zaɓa wa kowa ba. Ya zo ne kawai, ta bar shi. Ta danna, rubutun ya hau.

Likita ya aike ta ɗauko gilasai a wajen masu yanka, can ƙarshen titi. Ta tafi a ƙafa, rana na dukan ƙeyarta, tana jin jikinta sakayau kamar wadda zazzaɓi ya saka. A hanyar dawowa, tana jiran motoci su ba ta hanya, wayarta ta yi ƙara. Sharhi ne a ƙasan rubutun, a Baranda, da tsohon sunan da Doguwa ke shiga da shi.

"Ƙarya kike yi, tabarau ɗin bai yi mini girma ba. Kuma ban fasa rufewa ba."

Auta ta karanta, ta sake karantawa. Wani mai babur ya danna mata oda, ta matsa gefe. Ta matse kwalin gilasan a hammata, ta rubuta da yatsa ɗaya:

"Rufe. Washegari zan buɗe wani, kuma da wannan layin naki zan fara."

Ta sa wayar a aljihu, ta tsallaka titi.