Kunnen Pichai

Nyein bai taɓa iya zana fuska da ka ba. Shekara ashirin yana zane a Rangun, babban birnin ƙasar Bama, allon shago, tallar sabulu, hoton jarida, amma in ba a zaunar masa da mutum a gaba ba, sai hannun ya yi ta lalube. Don haka ranar da mai jarida ya ce yana son hoton Ba'indiye, baƙon da ke cinye abincin 'yan ƙasa, Nyein bai wahalar da kansa ba. Ya ɗaga kai ya dubi tsallaken titi, inda Pichai, Ba'indiye mai shayi, ke sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi.

Kunnen Pichai na hagu a tsage yake, ƙugiya ce ta kama shi a tashar jiragen ruwa tun yana yaro. Nyein ya ƙara masa tumbi, ya yi masa farata irin na shaho, ya ɗora shi kan buhun shinkafa. Kunnen kuwa ko tunaninsa bai yi ba. Hannun ya ga tsaga, ya zana tsaga, yadda ya saba.

Hoton ya tashi daga jarida ya hau bango, unguwa unguwa. Da rikici ya ɓarke, samarin da suka shigo layin ba su tsaya tambaya ba, kunnen suka duba. Suka kife tukunyar shayin, suka karya wa Pichai yatsu biyu. Bayan ƙura ta lafa ma yara ba su daina binsa ba, suna ihu, "Ga na bango! Ga na bango!"

Sai ga Daw Saw Yin, shugabar makarantar 'yan mata, ta zo shagon Nyein da lemarta. Sun kafa ƙungiyar sulhu, suna son hoto: Ba'indiye da ɗan Bama suna shan shayi a benci ɗaya.

"Kai ka ƙulla, Nyein, kai za ka kwance," in ji ta. "Kada ka ce mini hannunka na ciwo."

Shi kansa ya san ihu ne bayan hari. Amma ya ji labari Pichai na neman mai sayen rumfarsa, zai koma Madaras ta Indiya, garin da ya bari yana ɗan shekara bakwai, wanda ko sunayen titunansa bai sani ba. Nyein ya gaji da kunya, ya gaji da zagayawa ta bayan layi don kada su haɗa ido. Ya ce a ransa, in mutane suka ga wannan hoton, ƙila Pichai ya fasa tafiya.

Ya tsallaka titin da takarda a hammata.

"A'a, mai zane, ashe kana raye," in ji Pichai. "Me ya rage? Ɗaya kunnen?"

"Ɗan'uwa, zama nake so ka yi mini. Na sulhu ne."

"Wancan karon ai ba ka nemi izni ba. Ka ci gaba." Ya zuba masa shayi da hannun hagu, rabi a kofi rabi a ƙasa, sannan ya zauna ya juyo da fuska.

Nyein ya yi aiki har la'asar. Da ya zo kan kunnen sai hannunsa ya tsaya. Wannan tsagar ce ta kai samari rumfar, ba zai sake manna ta a bango ba. Ya cike ta sumul. Ya rage duhun fatar kaɗan, ya miƙar da hancin, ya share tabon goshi, don kada wani ya ga abin ƙi.

Ƙungiyar ta buga ɗari uku, iya ƙarfinta ke nan. 'Yan matan makaranta suka bi gari da bokitin sitaci suna mannawa. A bangon kasuwa, sabon ya faɗo daidai gefen tsohon, wanda damina biyu ba su iya ɓamɓare shi ba.

Nyein ya jawo Pichai ya gani. Suka daɗe a tsaye. Wata mai tallar kifi ta tsaya, ta dubi sabon hoton, ta ce, "Wannan kam mutumin kirki ne, da duk haka suke." Ta dubi tsohon, ta dubi Pichai, ta gyara kwandonta ta matsa gefe.

"Ka gyara kunnen," in ji Pichai.

"Na gyara."

"Ya yi kyau, wallahi. Ko wane ne shi, Allah ya ba shi zaman lafiya a garin nan." Ya nuna tsohon da karyayyun yatsunsa. "Ni dai ga ni can. Jirgina ranar Laraba zai tashi, mai zane. In kana son bencin rumfar, ka aiko a ɗauka."