Mai Sunan Malam

Iya Hansai ta riƙe wuyan hannun jikanta gam, kamar wadda ta kama akuyar da ta yi ɓarna a gonar maƙwabta, tana jan sa ta hanyar da ta ratsa gonakin auduga zuwa firamaren garinsu, can bakin titin Dayi. Ko koko ba ta bari sun sha ba.

"Yau sai ka nuna mini inda kake maƙalewa, Maiwada. Rafi ne, ko gindin mangwaron Alhaji?"

"Wallahi Iya ina zuwa."

"Rufe mini baki da wallahinka!"

Abin da ya fi ƙona mata rai, ita ce kan gaba a ƙungiyar iyaye mata masu bi gida-gida lokacin kaka irin wannan, da ake janye yara zuwa karyar masara da tsinar auduga. Babu gidan da ba ta shiga ta zazzage wa uwa faɗa ba. To sai ga shi jiya da la'asar Sa'adiya, sakatariyarsu, ta yi sallama da takardar hedimasta a hannu, tana ta sunkuyar da kai.

"Iya, wannan karon fa har da jikanki, mai sunan Malam. Kwana goma sha tara ba a gan shi ba. In bai zo makon nan ba, soke sunansa za a yi."

Hansai ba ta tsaya tambaya ba, ta karyo reshen darbejiya. Yaro ɗan shekara shida, tun da ubansa Mahadi ya kawo mata shi daga Funtuwa ya ɗebe mata kewa, ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba sai jiya.

Sun tarar an gama taron safe, aji ɗaya ya cika ya batse. Yara sun kusa ɗari, wasu kan benci, wasu kan buhu a ƙasa. Malama Liatu, wadda aka turo daga Malumfashi farkon zangon nan, ta fito bakin ƙofa da alli a hannu, ta rusuna.

"Ina kwana, Mama? A'a, Maiwada, yau kai ne da makara? Har na ce ko ba ka da lafiya. Dubi ajin nan, ba a share ba."

Hansai ta ɗan sassauta riƙon. "Kin san shi, Malama?"

"Wa bai san Maiwada ba? Shi ne sarkin tsintsiyarmu. Kafin in iso ya share aji, ya goge allo. Ranar Juma'a uku a jere ana yi masa tafi a fili."

"To, ni kuwa an kai mini takarda har gida, wai kwana goma sha tara ba a ga ƙeyarsa ba."

Malama ta yi dariya, ta ce kuskure ne. Ta ɗauko rajista ta buɗe shafin ƙarshe, inda take rubuta yaran da suka zo ba takarda. Ga Maiwada nan da fensir, layinsa cike da alama, ko rana ɗaya babu giɓi.

"Wane suna ne a takardar da aka kai miki?"

Hansai ta kau da kai. Ta gyara mayafi. "Na... na mai gidanmu ne. Marigayi."

"Yaya sunan, Mama?"

"Haba 'yar nan. Ni zan faɗa? Ki duba ɗan Mahadi."

Malama ta koma shafin farko, tana bin layi da yatsa. Sai ta ɗaga murya yadda take yi kowace safiya: "Abdulmutallib Mahadi!"

Ajin ya yi tsit. Maiwada ya leƙa ciki, yana waige-waige tare da sauran yaran.

"Ba ya zuwa, Malama," in ji shi. Sannan ya juya ga kakarsa, ya rage murya. "Kullum sai an kira shi, bai taɓa amsawa ba. Shi ya kamata a daka, Iya, ba ni ba."

Hansai ta ja da baya. Ta dafa bango ta zauna kan dakalin baranda.

Shekara arba'in da ɗaya ta zauna da mijinta Malam, bakinta bai taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa. Da ya rasu aka haifi yaron nan aka mayar masa da sunan, ita da kanta ta tsaya ranar suna ta ce Maiwada za a riƙa ce masa, tun da masara ta yi albarka a shekarar. Ta kuma kafa doka: duk wanda zai ambaci wancan sunan, ya yi nesa da kunnenta. Kowa ya bi. Mahadi ya zo ya rubuta shi a makaranta da takardar haihuwa, ya hau mota ya koma Funtuwa. Ba wanda ya tuna ya gaya wa yaron.

Daga inda take zaune idonta daidai yake da ƙwaurinsa. Sawun tsumagiya huɗu, ɗaya ya tashi ya yi baƙi. Ta tuna yadda jiya ya daina ihu da wuri, ya koma kallon ta kawai, hawaye na zuba.

Malama Liatu ma ta gani. Ta durƙusa gaban yaron.

"Maiwada, saurara. Wannan sunan da nake kira kullum, naka ne. Kai ne Abdulmutallib."

Ya girgiza kai. "Ni Maiwada ne."

"Duka biyun naka ne."

"A'a."

Ta miƙe, ta matso kusa da tsohuwar. "Mama, gyaran yau mai sauƙi ne, zan kai wa hedimasta ya gani da idonsa. Amma wannan sunan shi ne a takarda. Shi za a kira a aji biyu, shi za a kira ranar jarrabawa, kuma ba ni ce zan riƙa tsayawa a gabansa kullum ba. In bai amsa ba, haka za a sake yi."

"To ki koya masa mana. Ba aikinku ba ne?"

"Kin dai ji shi."

Maiwada ya tsaya nesa kaɗan da kakarsa, abin da bai saba ba, yana murza gefen rigarsa. "In nawa ne, me ya sa Iya ba ta taɓa faɗa ba?"

Yara sun cika tagogi, kai bisa kai. Wata mai sayar da awara a bakin ƙofar makaranta ma ta miƙo wuya. Hansai ta san kafin azahar labarin ya kai kowane gida da ta taɓa shiga da faɗa. Ta yi tunanin ta bari sai Mahadi ya zo ƙarshen wata, ya zaunar da ɗansa. Ta yi tunanin ta aika a kira Sa'adiya. Ta dubi yaron, shi kuwa bai ɗauke ido daga bakinta ba.

Ta jiƙa leɓɓanta. Karon farko iska kawai ta fito. Ta yi gyaran murya, ta sa gefen mayafi ta kare fuskarta daga tagogin.

"Abdulmutallib."

Sunan ya fito a hankali, da nauyi, kamar ƙofar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Yaron ya dubi Malama, ya dubi kakarsa. Ya matso taku ɗaya, sannan wani.

"Na'am, Iya?"

Ya tsaya yana jiran aike, don bai san ana kiran mutum haka kawai ba. Hansai ta miƙa hannu, ta shafa ƙwaurin nan a hankali da tafinta.

"Ba komai," ta ce. "Shiga ka share musu ajin."