Fumfunar Mbah Ngatinem

"Wa kika faɗa wa, Ibu? Ki dube ni, ki bar juya cokalin nan!"

"Ni? Wa na sani da zan faɗa wa?" Haka na ce, ni da babu gidan da ban san abin da aka dafa jiya ba a duk unguwarmu ta Yogyakarta.

Mai yi mini tsawar Kinasih ce, 'yata, dakta a jami'a. Ibu take ce mini, wato mama, ni kuma in ce mata Nduk, yadda muke kiran 'ya mace. Ba ta allura ba, ko ciwon gwiwata ba ta iya ba. Aikinta leƙen ƙwayoyin halitta a cikin fumfuna, ta rubuta, a buga a mujallun masana. Wai girman mutum a cikinsu shi ne yawan masu ambaton sunansa, kuma wanda ya riga bugawa shi ake ambata. Ranar da ta yi mini bayani na ce ashe sana'armu ɗaya, ku ana ba ku farfesa, ni sai harara.

Maƙwabciyata Bu Darmi ma tana da ɗa a harkar, Prasojo, a wata jami'ar. Duk haɗuwarmu a karatun mata na masallaci sai ta sanar da mu an ambace shi har a Japan. Ni firamare ban ƙarasa ba, amma ba a kayar da ni a gaban mata. Rannan na gyara ɗankwali na ce tawa ta gano abin da ba wanda ya taɓa gani, a fumfunar tempe, waken nan da muke soyawa kullum. Aka ce wane tempe? Na ce na Mbah Ngatinem, tsohuwar bakin kasuwa mai naɗe nata da ganyen bishiyar waru. Har kwatancen rumfar na yi. Na ƙara da cewa sunana zai fito a wajen godiya, don ni na fara sayo shi. Wannan kam gaskiya ne, Kinasih ta yi mini alkawari.

"An ga Prasojo a rumfar yau da safe," in ji Kinasih. "Da akwatin ƙanƙara! Har ganyen ya saye."

"Ƙila yunwa yake ji, Nduk."

"Mai yunwa ne ke zuwa da safar hannu? Shekara nawa ina kan aikin nan? Suna da injinan da ba mu da su. In ya riga ni bugawa, shi za a riƙa ambata, ni in zama mai bin baya."

"Allah ya kiyaye! Yaron da ya yi fitsarin kwance har ya shiga sakandare? Bari in je karatu gobe, kowa sai ya ji."

"Ibu!"

"To me na yi? Ba ambato kuke nema ba? Na ambace ki gaban mata cike da masallaci. Wace mujallar ce ta taɓa yi miki haka?"

Ta yi mini wani kallo irin na marigayi ubanta. Ta shiga ɗaki ta kwaso kaya a jaka, ta ce a wajen aiki za ta zauna har ta gama rubutun ta tura, kuma daga yau ko launin rigarta ba zan ƙara ji daga bakinta ba.

Nan ya kamata in yi shiru. Na sani. Amma na tuna fuskar Bu Darmi.

"Nduk, sunan nawa dai yana nan ko? Don na riga na ce a manyan baƙaƙe ne."

"Zan sa na Mbah Ngatinem. Ita ta iya rufe abu da ganye ta yi shiru."

"Haba! Matar da ko karatu ba ta zuwa, wa zai ji?"

Ta saɓa jakar, ta fita, ta bugo ƙofar har hoton digirinta ya karkace a bango.