Rigar Ulun Inna

Daminar Enugu ba ta da ta ido. Ko a ƙasan akwati ka ɓoye kaya sai ta bi su ta lasa. Bara'atu ta gane haka ranar da ta buɗe akwatin mijinta Falalu tana neman takardar asibiti, warin fumfuna ya daki hancinta. A can ƙasa rigar sanyinsa ce, ruwan ƙasa mai ratsin fari, duk ta yi dabbare-dabbare.

Rigar nan kuwa ba abin wasa ba ce a gidan. Mahaifiyarsa, Inna, ce ta saƙa masa ita da zaren ulu na gashin tumaki, shekarar da zai baro Funtuwa ya zo Kudu sayar da albasa. Kafin ya koma gida ta rasu. Ko hotonta ba shi da shi, rigar ce kaɗai. Ba ya sa ta, ina sanyin yake a unguwarsu ta Asata? Sai dai wani lokaci ya ɗauko ya shinshina ya mayar.

To, Bara'atu jego take yi, kuma akwai sauran tafasasshen ruwan wanka a tukunya. Da zuciya ɗaya ta ce bari ta yi abin kai kafin maigidan ya dawo daga Onitsha, inda ya je tarar motar kaya. Ta tsoma rigar a ruwan zafin, ta zuba sabulu, ta cuɗa iya ƙarfinta kamar mai wankin tsumma. Da ta ɗago, sai ga abu ya motse ya cure, ya yi kauri kamar darduma. Rigar ƙato guda ta koma wadda ko ɗan yaye sai an yi dambe da shi kafin kansa ya shiga.

Ta ja ta nan, ta ja ta can, ko gezau. Sai ta zauna a bakin rariya ta sa kuka.

A haka Iya Lami ta same ta. Ita ce tsohuwar da ke zuwa yi mata wankan jego, haifaffiyar Asata, Ibonci a bakinta kamar ruwa, faɗa kuma ba a magana. Ta ɗaga rigar da yatsa biyu ta juya ta.

"Ke 'yar nan, ulu kika dafa? Rogo ne?"

"Iya, ki rufa mini asiri. In ɓoye ta, in ce ɓera ne."

"Wane ɓera ne ya iya wanki? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Share hawayenki, kada ki ɓata wa yarinya nono."

Bara'atu ta tambaya ko za a iya warware zaren a sake saƙawa. Iya Lami ta girgiza kai. Tun tana budurwa ta koyi saƙa a wurin matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma ta ce ulun da ya sha ruwan zafi ya cure har abada. Amma fa, in ji ta, yanzu ko an sa masa almakashi ba zai zare ba, ya zama ƙyalle.

"Almakashi?" in ji Bara'atu. "A rigar Inna?"

"Rigar Inna kin riga kin gama da ita. Abin da ya saura muke magana. Miƙo mini Ummi."

Ummi ita ce jaririyar. Sunan Innar aka mayar mata, shi ya sa ba mai kiranta da shi gatsau. Ba ta cika wata tara ba ta zo, 'yar firit da ita, duk rigar da aka sa mata sai ta nutse a ciki, kuma da an yi ruwa tafin ƙafarta ya yi sanyi ƙalau.

Iya Lami ta gwada ta da taƙin hannu. Da rigar ta bushe ta yanke hannuwan, ta tsaga gaban, ta rage gefe. Ta miƙa wa Bara'atu allura ta ce mai ɓarna ita ke gyara. Ɗinkin farko ya karkace, tsohuwar ta farke shi ba tausayi. Na biyu ma haka. Bara'atu na ɗinki tana jan hanci, Iya Lami kuma ta zaro tsinkayen saƙarta daga jaka tana yi wa wuyan baki da farin zare mai laushi don kada ya karce fatar yarinya. Hannuwan da aka yanke suka zama 'yan takalma. Duk tsiyar bakin tsohuwar nan, ranar ko gidanta ba ta leƙa ba, kuma Bara'atu ta ji kamar ta durƙusa ta riƙe mata ƙafa don godiya.

Washegari da la'asar Falalu ya shigo, jiƙe sharkaf, yana ƙamshin albasa. Bara'atu ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa, sannan ta durƙusa.

"Baban Ummi, na yi maka ɓarna. Rigar Inna na wanke da ruwan zafi ta lalace. Ka yafe mini."

Fuskarsa ta sauya. Ya miƙe zai nufi akwatin. Ita kuwa Iya Lami, da ta ƙi tafiya don ta san za a rina, sai ta tare shi a bakin ƙofa ta ɗora masa jaririyar a hannu.

Ya tsaya yana kallo. Ratsin farin nan da ya sani ya bi ƙirjin yarinyar, tana barci, jikinta da ɗumi. Ya taɓa takalmin da ɗan yatsa. Ya sunkuya ya sa hancinsa a kafaɗarta, ya daɗe bai ɗago ba, har Bara'atu ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Ummi," ya ce a hankali, "ashe zuwa kika yi ki karɓi kayanki."

Ya juya ya dubi matarsa da ke durƙushe. "Tashi, Bara'atu. Allah ya yi miki albarka. Ni ajiye ta kawai na iya."